Kwalabe Shida a Lalitar Alhaji Gado

Na sauka tashar Parakou da akwati ɗaya da takardar gabatarwa daga malamina na Yamai, a shekarun da aka sauya wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin. Abin da na fara koya gaisuwa ce. A kowane ofis, kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, sai an ce maka "Prêt pour la révolution," wato a shirye don juyin juya hali, kai kuma ka amsa "La lutte continue," gwagwarmaya na ci gaba. Mai shara kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, babban likita ma kamarad ne. Ni da na taso a Tasawa, inda ake durƙusa wa babba, sai da na yi wata guda bakina bai iya kiran mai furfura kamarad ba.

Wanda ya fara kirana da wannan suna ɗan kamasho ne a tasha. Ya karɓi akwatina, ya ce zai kai ni masaukin mutanen Nijar. Muka ratsa kasuwar Arzèkè ta cikin tulin doya da rumfunan atamfa, muka isa wani gida, ya ce in jira ya shiga ya yi sallama. Ashe gidan ƙofa biyu gare shi. Akwatin ya tafi da tufafina da littafin darasin da na cika da hannuna a makaranta. Takardar gabatarwar kaɗai ta tsira, don tana aljihuna. Wani Bazabarme mai gyaran keke ya lura na daɗe a tsaye, ya tambaye ni, ya girgiza kai, ya rufe rumfarsa ya raka ni unguwar Banikanni wurin wasu direbobi 'yan Maraɗi. Suka ba ni tabarma da riga biyu. Ba wanda ya yi mini dariya a ranar. Sai da na kwana bakwai suka fara, kuma ba su daina ba har na bar garin.

Aikin da na zo koya a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ne, wanda kowa ke kira labo. Shugabansa Dokta Biyo, mutumin Bargu, dogo, mai magana a hankali. Ya koyi Hausa a kasuwa wurin mahaifiyarsa, don haka idan abu ya yi daidai da Faransanci yake faɗa, idan ya ɓaci sai ya koma Hausa. Kayan labon ba su da yawa: madubin ganin ƙwayoyin cuta guda ɗaya, akwatin ɗumi da ake renon ƙwayoyin a ciki, da wata babbar kwalbar alawa wadda muke kunna kyandir a cikinta mu rufe, domin akwai ƙwayar da ba ta tsirowa sai a iskar da kyandir ya ci ya mutu. A bayan labon kuma akwai rago ɗaure. Daga jininsa muke dafa abincin da ake shuka ƙwayoyin a kai. Dokta Biyo kan shafa kansa ya ce, "Kamarad Rago. Duk garin nan shi kaɗai ke ba da jininsa saboda juyin juya hali."

Na ji daɗin aikin, amma ciki bai saba ba. Sakwara safe, sakwara rana. Nakan zauna gaban kwano ina tunanin furar gero ta gidanmu, da yadda innata ke dama ta da ludayi tana yi mini faɗan rama. Ran Asabar a fitar da mu sharar titi, ina riƙe da tsintsiya ina lissafin watannin da suka rage kafin in ga gida.

Da rani ya kama, labari ya zo daga Djougou, garin da fatake ke kira Zugu: mutane na kwantawa da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sandare. Dokta Biyo ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau ba iri ɗaya ba ne. Akwai irin da allurar rigakafin da ke ajiye a kudu ke tarewa, akwai irin da ba ta yi masa komai. Ba za a aiko da allurar ba sai an san wane iri ne, kuma ba za a sani ba sai an kawo ƙwayar Parakou da ranta an shuka ta ta tsiro. A Djougou akwai babban ma'aikacin jinya da ya iya ɗibar ruwan ƙashin baya, amma babu akwatin ɗumi. Shi kuma Dokta ba ya iya barin asibiti.

Ya miƙo mini kwalabe shida, kowace kamar yatsa, da abincin jinin rago daskare a ciki.

"Kafin a sa ƙwaya, sanyi suke so, kar abincin ya lalace," ya ce. "Bayan an sa, ɗumi irin na jikin mutum. Ba sanyi, ba rana."

"Na sani, Dokta."

"Na san ka sani, Isuhu."

Na hau kamyo, babbar mota mai ɗaukar gishiri, na wuni ina ƙanƙame da kular ƙanƙara mai kwalaben tsakanin gwiwoyina. Direbobin Banikanni sun haɗa ni da mai masauki, Alhaji Gado, ɗan kasuwar goro wanda kakanninsa suka zo daga Kano suka zauna a Zugu. Ya tarbe ni a zaure, kafin in gama gaisuwa ya sa an karɓi jakata.

"A gidan nan baƙo ba ya riƙon kayansa," ya ce. "Tun kakana haka ne. Falke ya sauke, mai gida ya tsare. In abu ya lalace a ƙarƙashin rufina, sunana ne ya lalace."

Uwargidansa, Hajiya Kande, tana da firiji mai aiki da kananzir, tana sayar da lamurje mai sanyi. Na roƙe ta ta ajiye mini kwalaben. Ban tsaya nan ba, sai da na yi mata lacca. Na ce zafi ne babban maƙiyinsu, ko na ɗan lokaci aka bar su a waje aikin duk ya tashi a banza. Ta saurara da kyau, ta kwashe robobin lamurjenta gefe, ta yi wa kwalaben wuri a ƙasa.

"Kwantar da hankalinka, Likita," ta ce. "Ko Alhaji bai isa ya buɗe firijin nan ba sai da izinina."

Ban gaya mata ɗaya rabin maganar ba. Ban ga dalili ba, tunda a ganina daga asibiti sai mota.

Ranar Juma'a da hantsi aka kawo majiyyata uku da ba a fara ba su magani ba tukuna. Wannan muke jira, don idan magani ya shiga jiki ƙwayar ba ta tsirowa. Ma'aikacin jinyar ya ɗebi ruwan, fari-fari kamar ruwan shinkafa, na ɗiga a kwalabe, na murɗa murafen da ƙarfi, na sa su a aljihun ƙirjina. Mota kuma ba ta tashi sai an sauko daga masallaci. Nan na tsaya ina shawara da kaina. Abin da ke aljihuna jini ne da ruwan jikin marasa lafiya, ban ga yadda zan shiga sahu da shi ba. Sai na cusa kwalaben cikin safa, na tura ƙarƙashin bargo a ɗakin da aka sauke ni, inda babu rana babu sanyi, na bi Alhaji masallaci.

Muna dawowa Hajiya ta tarbe ni a tsakar gida da fara'a, safata a hannunta.

"Likita, Allah ya so ka da rahama. Na shiga shara na same su ƙarƙashin bargo, sun yi zafi kamar sabon ƙwai. Wannan irin mantuwa haka?"

Ta buɗe firiji ta fito da su. Sun yi raɓa, sanyinsu ya ratsa tafin hannuna. Na dubi fuskarta, na dubi Alhaji da ke gyaɗa kai yana jin daɗin yadda aka tsare kayan baƙo. Na ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri." Na hau mota.

A Parakou muka shuka a faranti, muka kunna kyandir, muka jira kwana biyu. Fuskar abincin tana nan sumul, ko ɗigo bai tsiro ba. Dokta Biyo ya tambaye ni da Faransanci yadda aka yi, na faɗa masa komai. Sai ya koma Hausa.

"Ka gaya mata?"

"Ban iya ba, Dokta. A gidanta nake ci. Kuma don alheri ta yi."

"To gobe ma za ta yi maka alherin. Kwana nawa muka rasa?"

"Biyar, har da na tafiya."

"A kwana biyar ɗin nan an ci gaba da kwantawa a Djougou, Isuhu. Kunyarka ba ta tsayar da ciwon ba." Ya nuna bayan labo da haɓa. "Je ka ba Kamarad Rago haƙuri. Sai mun sake ɗibar jininsa."

Tafiya ta biyu ta fi ta farko nauyi, ko da yake motar ta fi kyau. Tun daga gadar Bétérou nake shirya kalmomin da zan faɗa, ina zubarwa. Da na isa, na samu Hajiya tana tace lamurje, Alhaji na kan kujera yana tsince goro. Na durƙusa nesa kaɗan, na ce ina da magana. Na faɗe ta yadda take: kwalaben iri ɗaya ne a ido, amma da zarar ƙwaya ta shiga, sanyi kashe ta yake. Waɗancan sun mutu a firiji. Laifin nawa ne, don rabin magana na yi mata.

Hajiya ta ajiye matacin. Alhaji ya daina tsintar goro.

"Ka sani tun ranar?" ta tambaya.

"Na sani."

"Kuma ka ce mini Allah ya saka da alheri?"

Ta tafa hannu.

"Kai, yaran boko! Ni da na haifi wanda ya girme ka, kunyar me za ka ji? Ka ce, Hajiya, kin kashe mini kaya. In ji haushi in huce." Ta juya wajen mijinta. "Alhaji, ka ji. A ƙarƙashin rufinka."

Alhaji Gado bai yi dariya ba. Ya tambaye ni irin ɗumin da ƙwayar ke so, na ce na jikin mutum, ba ƙari ba ragi. Hajiya ta ce ai wannan bakwaini ne, ta taɓa renon ɗaya a ƙirjinta wata biyu, ba ta ajiye shi ko don tuƙa tuwo ba. Alhaji ya tashi ya shiga turakarsa, ya fito da wata doguwar jaka siririya, saƙar hannu, ta yi baƙi don tsufa. Lalita ce, irin wadda fatake ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga. Ya ce ta mahaifinsa ce, ta je Gwanja fataucin goro ta dawo sau da yawa ba ta taɓa rabuwa da fatar mai ita ba. A yammacin nan Hajiya ta zauna da allura da zare ta raba cikinta gida shida, don kar kwalaben su riƙa bugun juna.

Na kawo maganar salla. Alhaji ya ce shi ba malami ba ne, amma ga dabara: in an ɗebi ruwan da safe in hau motar hantsi, in isa Parakou in sauke kaya kafin lokacin azahar ya fita.

Kwana biyu muka jira. Ranar Talata da safe aka kawo wata mata da wani magidanci. Kafin rana ta ɗaga kwalabe na kan cikina, ina zaune bayan wata kamyo mai doya da fasinja, direban ya rantse mini ba zai tsaya ko'ina ba.

Bayan mun wuce rabin hanya muka iske shinge: ganga biyu da gora, da 'yan sintirin juyin juya hali. Aka sauke mu ana lalube. Wanda ya zo kaina gajere ne mai tsage a kumatu, da tsohuwar bindiga a kafaɗa. Hannunsa ya taɓa ƙuguna ya tsaya.

"Kamarad, me ke nan?"

Na ba shi takardar aikina. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi bai ga inda aka rubuta ɗamara ba. 'Yan fasa-ƙwauri ne ke ɗaura irin wannan. In kwance in ɗora a kan tebur har shugabansu ya dawo daga gari. Teburin na tsakiyar rana, ƙarfensa na walƙiya.

Na riga na ga abin da rabin magana ke jawowa, don haka na yi masa cikakkiya, da ƙarfi yadda zai ji. Na ce ƙwayar sanƙarau ce daga Djougou, a rufe take ba ta fita, kuma idan ta sha rana ko sanyi ta mutu, allurar rigakafi ba za ta zo ba.

Shi bai motsa ba, amma fasinjoji sun ji. Wata mata ta janye 'yarta ta koma bayan mota. Wani mai rawani ya ce wallahi ba ya sake zama kusa da ni. Direban da ya rantse mini ya jefo jakata ƙasa, aka ɗaga gora, kamyo ta wuce ta bar ni tsaye a bakin hanya.

Ɗan sintirin ya dube ni ya dubi hanya. Ya ja ni inuwar wata bishiyar kaɗanya, ya ba ni kututture. Hausarsa ta kasuwa ce, muna cikawa da Faransanci.

"Wannan ciwon wuya ne?"

"Shi ne."

"Ƙauyenmu na bayan Djougou. An binne matar wana makon jiya." Ya nuna ƙuguna. "Suna da rai yanzu?"

"Ina fata."

Motoci biyu suka zo, duk a cike, kuma masu zuwa Djougou ne. Inuwa ta fara karkata, na ga azahar na neman fita. Ya lura ina yawan duban rana, ya tambaya, na gaya masa matsalata: ba na son yin salla da su a jikina, ba kuma zan iya ajiye su a ƙasa ba. Ya ce shi ba Musulmi ba ne, amma jikinsa da ɗumi kamar na kowa. Ya jingine bindigarsa a jikin bishiya, ya ɗage rigar kakinsa. Na kwance lalitar na ɗaura masa, ya sauke riga ya dafe ta da hannu biyu kamar mai ciwon ciki. 'Yan uwansa na can wajen ganga suna ta dariya, suna tambayarsa wata nawa ne cikin. Bai kula su ba. Na yi alwala da ruwan gorarsa, na yi salla a kan jakata. Da na sallame na same shi tsaye inda na bar shi, ko zama bai yi ba.

"Ban motsa su ba, kamarad," ya ce.

Motar da ta zo bayan nan ta auduga ce. Ya tsaya tsakiyar hanya ya tsayar da ita, ya gaya wa direba wannan ma'aikacin lafiya ne, aikin gaggawa, gidan gaba zai zauna. Bai ambaci kwalabe ba, ni ma a wannan karon ba a tambaye ni ba. Ban tambayi sunansa ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Na isa labo da la'asar sakaliya. Dokta Biyo ya ga ina kwance wata tsohuwar jaka daga ƙuguna, ya ɗaga gira. Ya taɓa kwalba ɗaya da bayan hannunsa, ya gyaɗa kai. Muka shuka, muka kunna kyandir a kwalbar alawa, muka rufe, muka tsaya har harshen wutar ya mutu.

Washegari da safe na riga shi zuwa, amma na kasa buɗewa sai da ya iso. Ya ɗaga farantin farko wajen taga. Ga su nan, ƙananan ɗigo masu ruwan toka, suna sheƙi kamar raɓa a kan ganye. Ya ɗebi kaɗan ya gauraya da ruwan gwaji a kan gilashi, yana karkata shi a hankali. A ɗigo na farko ruwan ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana. Irin da allurar ke tarewa ne. Ya ce "C'est bon," wato ya yi kyau, ya tafi buga waya kudu. Ni kuma na zagaya baya na ba ragon ragowar ƙosaina.

Daga wannan faranti aikina na rayuwa ya fara. Na yi shekaru bayan haka a manyan ɗakunan bincike, ina nazarin yadda jiki ke gane rigar da ƙwayar sanƙarau ke lulluɓe da ita, da dalilin da ya sa kariyar allurar farko ba ta daɗewa a jikin ƙananan yara. Na yi aiki da akwatunan ɗumi masu ƙararrawa. Duk ɗalibin da ya zo hannuna, kafin in ba shi kwalba ya kai wani wuri, sai na tambaye shi wa zai sauke shi a can, kuma me zai gaya masa.

Amma komawata Djougou ta uku ce na fi tunawa. Na tafi tare da ayarin masu allura, kuma firijin asibitin garin bai isa ya ɗauke kayan duka ba. Na nufi gidan Alhaji Gado da kula biyu da lalitarsa a ninke. Ya ƙi karɓa. Ya ce goro yanzu a mota yake tafiya, lalitar ta samu sabon falke.

Hajiya Kande ta riga ta kwashe lamurjenta kaf, ta wanke firijin, ta cika shi da kananzir. Na buɗe kula na fara miƙa mata kwalaben allurar. Ta ƙi miƙo hannu. Ta riƙe ƙofar firijin ta dube ni.

"Tsaya tukuna, Likita. Waɗannan masu son sanyi ne ko masu son goyo?"

"Sanyi, Hajiya."

"Yau kawai, ko har gobe?"

"Har a gama."

"Ba sauran rabi?"

"Babu."

"To miƙo," ta ce. "Kuma idan an fara, Alhaji za a fara yi wa. Tun jiya yake cewa yana da tafiya."